Shekara Bakwai Bayan Uwani: Ni Ce Na Karanta Littafin

Shekara bakwai ke nan, in Allah ya kai mu ƙarshen wannan wata, da rasuwar 'yata Uwani. Sunan mahaifiyar maigidana aka sa mata, shi ya sa ban taɓa kiran sunanta na yanka ba, kuma ba zan fara yau a jarida ba. Waɗanda suka yi aiki da ita a ofishin jin daɗin jama'a sun san wadda nake nufi. Zazzaɓi ne na kwana huɗu a tsakiyar hunturu. Ta bar miji da 'ya guda. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Ni ba marubuciya ba ce. Ajin yaƙi da jahilci na yi, shi ma sai da furfura ta fara fito mini, kuma wannan takarda ta ɗauke ni sati uku ina rubutawa ina gogewa. Abin da ya sa na dage shi ne, akwai wani laifi da ake jingina wa Uwani a ƙauyukanmu tun tana raye, har yau ba a daina ba. Laifin ba nata ba ne, nawa ne. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da shi a ciki, kuma na gaji.

Uwani ta yi karatun aikin jin daɗin jama'a a Kano. A irin karatun nan ba a ba mutum takardar shaida don ya ci jarrabawa kawai. Sai an tura shi wani ofis ko asibiti ya yi wata uku yana koyon aiki a hannun wanda ya daɗe a ciki, su ɗaliban suna ce masa firaktikal. Wanda aka damƙa ka a hannunsa shi zai riƙa duba ka, in ya gamsu ya sa hannu, in bai sa ba sai ka maimaita. Ita aka turo ta ofishin ƙaramar hukumarmu. Muka yi ta murna, don za ta riƙa kwana a gida, ta ci tuwon gida, ba kuɗin haya. Ba wanda ya yi tunanin cewa kusancin nan shi ne haɗarin. A wajenmu ƙauye jingine yake da ƙauye, gonar wannan tana ƙarewa a bayan dangar wancan. Ba ka buƙatar sunan mutum kafin ka gane shi, sana'arsa ma ta isa.

Mai duba ta wata Hajiya ce, doguwa, mai tabarau, ba ta da yawan dariya. Duk ranar Alhamis sai ta zaunar da Uwani wajen awa guda, ta buɗe littafinta shafi-shafi tana tambaya. Uwani takan dawo gida ta ɗora murfin kwano a hanci kamar tabarau, ta kwaikwayi muryarta: "Me kika gani da idonki? Me aka faɗa miki? Me kuma kika ƙara daga kanki? Raba min su uku, Malama." Mu yi ta dariya. Amma tana ganin girman matar nan ƙwarai. Ta ce mini abu na farko da ta koya mata, tun kafin ta nuna mata kujerar zama, shi ne abin da mutum ya faɗa maka a ɗakinsa amana ce, ko uwarka ba ta da rabo a ciki. Na ce madalla, haka ya kamata. Da bakina na faɗa.

Littattafai biyu gare ta. Akwai babba mai baƙin bango, da Turanci, wanda Hajiya take sa wa hannu. Akwai kuma ƙarami irin na 'yan firamare, inda take rubuta maganar mutane da Hausa yadda ta fito daga bakinsu, kafin ta juya ta a babban. Ta ce in ta juya tun a wurin, rabin maganar zubewa yake yi.

A lokacin ni kuma ina shekarata ta biyu a aji. Wanda bai koyi karatu da girma ba, ba zai gane irin yunwar nan ba. Ba abin da ido zai faɗa a kai in bar shi. Buhun taki, kwalin ashana, takardar da aka ƙunso mini maggi, bayan motar haya, duk sai na tsaya na haɗa harafi da harafi. Kuma ban iya karatu da baki rufe ba. Haka aka koya mana, malama ta faɗa mu amsa da ƙarfi, yatsa yana bin layi. In ban ji kalmar a kunnena ba, kamar ban karanta ta ba.

Ran nan da kaka, bayan la'asar, ina tsinkar gyaɗa a tsakar gida. Uwani ta dawo daga aiki a gajiye, aka ce mata ƙawarta ta haihu a bayan masallaci, ta ajiye jakarta a kan tabarma ta fita barka. Ƙaramin littafin ya leƙo daga bakin jakar. Wallahi ban ɗauke shi don in san sirrin kowa ba. Na ga rubutun Hausa ne manya-manya, mai kyau, irin wanda ba na samu. Na goge hannuna a zane, na ɗauki tsinke ina bin layi.

Ba ta sa suna ba, harafi ɗaya kawai ta sa a sama. Amma maganar matar tana nan yadda ta faɗe ta. Tana cewa in ta ji abin zai taso mata, sai ta shige ɗaki ta kulle, ta ce wa yara kanta ke ciwo. Tana cewa shekara tara ke nan, daga ita sai mijinta suka sani. Tana cewa ƙunar da ke hannunta ba santsi ne ya kwashe ta ba, faɗuwa ta yi a bakin kaskon ƙuli-ƙuli, kuma in 'yan sari suka ji farfaɗiya gare ta, ta gama sayar da mai a ƙasar nan.

Ina ta fama da kalmar farfaɗiya, na maimaita ta ya fi sau uku kafin ta zauna mini, sai na ji an ce a bayana, "Innalillahi! Ashe Ladi ce?"

Tabawa ce, maƙwabciyarmu, ta zo aron rariya. Ta ce ta yi sallama sau biyu ban ji ba. Ni har lokacin ban ma gane wa ake nufi ba, hankalina yana kan haruffa. Amma mai ƙuli-ƙuli da ƙuna a hannu guda ɗaya ce a ƙauyen da ke gabas da mu. Ladi ba sunanta na gaskiya ba ne, na canza shi, ko da yake a wajenmu ba wanda bai san zancen ba.

Na roƙi Tabawa don Allah don Annabi. Ta ce, "Haba 'yar boko, ni yarinya ce? Bakina ƙanin ƙafata." Kuma ni na yarda ba ta yi niyyar mugunta ba. Surukarta kawai ta faɗa wa, ta ce a daina sayo wa jikokinta ƙuli-ƙulin gidan, don a wajenmu har yau akwai masu ganin ana ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko ta abinci. Uwani ta sha gaya mana ba a ɗauka. Kafin kasuwa ta ci sau biyu, 'yan sari sun daina zuwa gidan Ladi. Man da ta matsa ya zauna a galan har ya canza wari. Da aka bi diddigin maganar aka zo kan Tabawa, sai ta ce a gidan su Uwani ta ji. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma ƙarasa gaskiya ba. Daga "gidan su Uwani" zuwa "Uwani ce ta faɗa" ba nisa.

Sai daga baya na san irin wahalar da yarinyar nan ta sha kafin Ladi ta buɗe mata baki. Asibiti ne suka ga ƙunar suka yi zargi, suka tura zancen ofis, Hajiya ta ba Uwani. Sati biyar tana zuwa gidan a ƙafa, ta zauna ta taya ta ɓarar gyaɗa, ba ta tambaye ta komai ba sai lafiyar yara. A sati na shida matar ta yi magana. Har ta shawo kanta ta karɓi maganin asibiti ta fara sha. Duk wannan na rushe shi a zama ɗaya, da tsinke a hannuna.

Hajiya da kanta ta zo gidanmu. Ba ta aika a kira Uwani ofis ba, ta ce tana so ta ga inda littafin yake kwana. Suka shiga ɗaki su biyu. Na dama fura na ɗauko, na iso bakin asabari, sai na ji muryarta, na tsaya.

"Wa kika faɗa wa?"

"Ban faɗa wa kowa ba, Hajiya."

"Na yarda. To wa ya ga littafin?"

Sai na ji Hajiya ta sake magana.

"Malama, da ke nake."

"Ni na ajiye shi inda bai kamata ba. Laifina ne."

"Ban tambaye ki laifin wa ba ne. Na ce wa ya gani. In kin faɗa min, akwai abin da zan iya rubutawa. In kin yi shiru, abu ɗaya ne ya rage min, kin kuma san shi."

"Hajiya, ki rubuta laifina ne."

Tsakanina da su asabari ne kawai. Da hannu ɗaya zan ɗaga shi. Na tsaya da ƙwaryar fura har hannuna ya yi sanyi, sannan na yi sallama kamar yanzu na iso, na ajiye, na ce Hajiya ga ruwa, na fita.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya riƙe ni. Kunya ce, da tsoro. Maigidana, Allah ya jiƙansa, da ƙyar ya bar ni shiga ajin nan, yana cewa me tsohuwa za ta yi da biro. Da ya ji, ranar zan bar aji. Kuma ba ni kaɗai ba, don mazan garin nan jira suke su samu abin faɗa a kan matan da ke zuwa. Na ce wa kaina ina kare ajin ne. Yanzu da na tsufa na san kaina nake karewa.

Hajiya ba ta sa hannu ba. Ban taɓa ganin laifinta ba, aikinta ta yi, kuma ta ba yarinyar ƙofa ita ta ƙi bi. Uwani ta rasa shekara guda. 'Yan ajinsu suka fita suka bar ta, ta sake wani firaktikal ɗin a can wajen Kunci, inda ba ta san kowa ba, ta ci da yabo. Da ta samu aiki aka tambaye ta inda take so, ba ta zaɓi gida ba. Ta je gidan Ladi sau uku neman gafara, ba a bar ta ta wuce zaure ba.

Uwani ta san ni ce. Akwai shatin yatsana na ƙasar gyaɗa a shafin, na gani da idona lokacin da nake mayar da shi jaka. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban yi mata ba. 'Yar fari ce, tsakaninmu dama akwai nauyin baki, sai wannan ya zo ya zauna a kai. Abu ɗaya kawai ta ce, ranar da za ta koma makaranta, tana ɗaure jaka ba ta dube ni ba: "Inna, in kina son abin karantawa ki faɗa min, zan riƙa kawo miki." Kuma ta riƙa kawowa. Duk zuwan da za ta yi sai da ɗan littafi ko tsohuwar jarida, har zuwanta na ƙarshe.

A zaman makokinta, rana ta biyu, wata tsohuwa daga ƙauyen su Ladi ta yi mini gaisuwa, ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya jiƙanta, ya yafe mata abin da ta yi wa baiwar Allahn nan." Mata suka ce amin. Ni ma na ce amin. A cikin duk abin da na yi, wannan amin ɗin ce ta fi hana ni sukuni.

Yanzu abubuwa sun canza, wasu kuma suna nan inda suke. Ɗalibai suna ta zuwa duk shekara, da ɗan kati rataye a wuya. Ba su cika riƙe littafi ba, waya ce a hannun kowa. Na taɓa ganin wasu sun ɗauki hoton wani gurgu a bakin kasuwa suna murmushi a gefensa, aka ce mini za su sa ne duniya ta ga suna aiki. Nakan ce da Uwani tana nan me za ta ce? Ita da ta rasa shekara a kan shafi ɗaya da mace ɗaya ta ji. Ina jin ba za ta yi faɗa ba, ba halinta ba ne. Za ta tambaye su ne a hankali ko sun nemi izininsa, ko sun gaya masa wa da wa za su gani. Na kuma ji an ce masu duba su sun yi kaɗan, mutum ɗaya da ɗalibai da yawa, wani har ya gama wata ukunsa ba a zauna da shi awa guda ba. Ban sani ba ko haka ne ko'ina. Amma na san zaman Alhamis ɗin nan shi ya yi Uwani, ko da yake shi ne kuma ya kayar da ita.

Abin da ya tashe ni daga shiruna ya faru ne a daminar bana. An turo wata ɗaliba 'yar Dawakin Tofa, yarinya mai natsuwa, aka ce ta zagaya gidaje ta ji matsalolin mata masu jinya a gida. Ta shiga gida ya fi goma. Ko'ina a ba ta ruwa, a yi mata sannu da zuwa, a ce lafiya lau, ba abin da ke damun kowa. Na same ta zaune a gindin darbejiya a ƙofar gidanmu tana duban takardarta fara fat. Na ce 'yata lafiya? Ta ce, "Inna, wai me na yi musu? Wata ta ce min sun ga abin da ta farko ta yi, ba za a sake ba. Wace ce ta farko?"

Na san gidajen da ta shiga. Na san akwai wadda take ɓoye ɗa mai taɓin hankali a ɗaki, akwai wadda tari ya ƙi barin ta tun bara. Duk sun rufe baki saboda Uwani, wato saboda ni. Na ce wa yarinyar ta sha ruwa. Ko a ranar ban iya faɗa mata ba. Wata ukunta ya cika ta tafi, ban san me aka rubuta mata ba.

Bayan an yi girbi na shirya na tafi gidan Ladi a ƙafa. Ta daina ƙuli-ƙuli tun wancan lokaci, faifai take saƙawa yanzu. Na same ta a inuwar rumbu. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, na tambayi yara, na tambayi amfanin gona, har abin tambaya ya ƙare. Sannan na faɗa mata duka, tun daga jakar a kan tabarma har zuwa asabarin. Ban rage komai ba.

Ba ta daina saƙa ba sai da na gama. Can ta ce, "Yaya, kin san ina shan maganin nan har yau? Na watsar da shi don haushin 'yarki, na yi shekara ina faɗuwa, sai na tuna yadda ta zauna a nan ta yi min bayani, na koma na karɓa. Ina sha ina tsine mata a zuciya." Ta ajiye faifan. "Ranar da aka ce ta rasu na yafe mata, da ƙyar, sai da na yi kuka. Yanzu kin zo kin ce ba ta da abin da za a yafe mata. Sau uku tana tsaye a zauren can ina jin muryarta. To ni ina zan kai wannan?"

Na ce ban sani ba. Na ce na zo ne ta yafe mini in za ta iya.

Ta ce, "Kada ki tambaye ni yau."

Na ce to. Na tambaye ta ko ta yarda in faɗa wa mutane, in kuma rubuta. Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba, ta ce, "Yau kuma izini ake nema? Ki faɗa. Nawa ya riga ya fita tun tuni, saura naki."

Na faɗa. Na fara da matan ajinmu, sannan a wani suna da aka yi a ƙauyen su Ladi, a gaban tsohuwar nan da ta yi addu'a a makoki. Wasu sun yi salati, wasu sun kawar da kai, wata ta ce ai abin ya wuce, me ya kawo tone-tone. Tabawa ta rasu shekara biyu da suka wuce, ba ta nan balle ta gaskata ni. Na lura labarin gyara ba ya gudu kamar na ɓarna. Shi ya sa na ce bari in sa shi a jarida, ko zai kai inda ƙafata ba za ta kai ba: wajen Hajiya in tana raye, wajen 'yan ajinsu da suka fita suka bar ta, wajen 'yarta in ta girma ta ji wani yana faɗin wani abu a kan uwarta.

In aka tambaye ni me ya rage na Uwani bayan shekara bakwai, ba zan ce gini ko muƙami ba, ba ta daɗe ba balle ta tara. Akwai mace guda da ta yi shekaru ba ta faɗi a bakin wuta ba saboda ita. Akwai mutanen da ta yi wa aiki a wasu garuruwa waɗanda ban san ko ɗaya daga cikinsu ba, don ba ta taɓa kawo mini labarin kowa ba. Kuma an kayar da ita a kan cewa ba ta iya riƙe amana ba, alhali a cikin ɗakin nan, a gaban mai sa mata hannu, amanar uwarta take riƙewa, ta kuma tafi da ita kabari. Ban ce ta yi daidai ba. Wataƙila da ta faɗa, da Ladi ta bar ta ta wuce zaure, da matan garin nan ba su rufe ƙofa ba. Amma ba ita ya kamata ta ɗaga asabarin ba.

Ga roƙona ga duk wanda ya taɓa jin zancen nan yadda aka saba faɗarsa: in za ku yi mata addu'a, ku cire wannan daga ciki, ku sa a tawa. In kuma aka sake turo wata ɗaliba ƙauyukanmu, ku bar ta ta zauna. Ta farkon ba ta ci amanar kowa ba.

Ladi ba ta ba ni amsa ba har yanzu. Ranar Juma'a zan sake komawa in gaishe ta, in zauna in taya ta tsaga kaba in ta bar ni. Ba zan tambaye ta ba.